Ba A Korar Ɗan Gida

Jama'ar wannan shafi, sallama gare ku. Na ga saƙonninku, masu cewa "Zuhura ina labarin ango?" da masu tambayar kalar ankon da za a fitar. Ku ajiye guɗar tukuna, don yau da baƙin rai na zauna rubutu.

Wadda ta shigo yanzu, sunana Zuhura, ɗaliba ce ni a jami'a a nan Tahoua, kuma ni ce mai riƙe allon ƙirga zagaye da ƙararrawa a ƙungiyar tseren keke ta ɗalibai. Ba na hawa. Inna ta ce ranar da ta gan ni cikin wandon nan mai manne wa cinya, ranar in nemi wata uwar. Amma shekara uku ina tsaye a bakin layi, har na kai in mutum ya wuce ni na kalli kafaɗarsa, na san ko da sauran ƙarfi a jikinsa ko borin kunya yake yi.

Maza biyu ne suka jefa ni cikin wannan harka. Na farko ƙanena Sadiƙu, wanda na ba shekara ɗaya. Kekensa tsohon ƙarfe ne da ya harhaɗa da hannunsa, kuma a ɗakinsa yake kwana, jingine da katifa. Kullum da ya sallame asuba sai ya kama hanyar Afala, ya dawo ya wanke jiki ya tafi aji. Na biyu Alƙasum, kyaftin ɗin ƙungiya, ɗan shekarar ƙarshe, dogo, mai murmushin da ya sa na manta da karatuna wata guda cur. Shi ne wanda danginsa za su kawo goron sa rana gidanmu ranar Lahadi bayan la'asar.

A ranar Lahadin kuma, da safe, aka sa gasar ɗalibai ta cikin gari. Ba irin tseren nan ba ne na daga gari zuwa gari. Titi huɗu ake rufewa kusa da filin kokowa, a yi ta zagaya su, lanƙwasa huɗu, wato kwana, a kowane zagaye, da miƙaƙƙiyar hanya ɗaya da ke fuskantar iskar gabas. Ƴan Maraɗi da ƴan Damagaram duk sun zo. Wani mai horarwa kuma ya zo daga Yamai, ya ce mutum ɗaya zai ɗauka a cikin ƴan ƙungiyarmu, wanda ya fara taka layin gamawa, a kai shi horo a ba shi keken tsere na gaske. Alƙasum ya je bara. Sadiƙu kuwa ko barci ba ya yi sosai saboda wannan magana.

Ranar Asabar bayan magariba ina tsakar gida ina taya Inna yankan albasa, wayata ta yi ƙara. Vokal ne, wato saƙon murya, daga Alƙasum. Na goge hannu a zane na shige ɗaki.

"Zuhurata, saurara da kyau. Gobe ranar Sadiƙu ta, na yi alkawali. Ni na tahi Yamai bara, mi zan koma yi? Ki hwaɗa mai kar shi jira layi. In mun ɓalle daga gungu, shi buga tun da sauran zagaye da yawa, shi tahi abinai. Ni zan zauna bayan ɗan Maraɗin nan Ciɗo. In ya bi Sadiƙu, ni shika ja, kuma ya san a layi ba shi iya min. Dole shi haƙura. Ni ka ruhe ƙohwa, ƙanenki shi wuce."

Bari in yi muku bayani, don in ba ku gane wannan ba, ba za ku gane ciwona ba. A tseren keke iska ce abokiyar gaba. Na gaba shi ke sara ta da ƙirjinsa, wanda ya manne a bayan tayarsa kuwa hutawa yake yi, ƙarfinsa na ajiye. Shi ya sa ake karɓa-karɓa: ka ja kaɗan, ka kaɗa gwiwar hannu, na bayanka ya karɓa. In kuma ɗan ƙungiyarku ya ɓalle shi kaɗai ya yi gaba, akwai doka ɗaya da ko sabon shiga ya haddace. Ba ka ja, ba ka taimakon mai binsa, ko da ƙafarka na ƙaiƙayi. Mu muna cewa ba a korar ɗan gida.

Na je na samu Sadiƙu yana shafa wa sarƙar kekensa mai. Na kunna masa vokal ɗin. Ya saurara har ƙarshe bai ɗago kai ba.

"Yaya, ni na hi son in jira layi," ya ce. "Sau biyu ina cin shi wurin gwaji cikin watan ga. Ya sani, ni ma na sani."

"To shi ya sa yac ce ka tahi tun da wuri, kar ɗan Maraɗi shi shiga tsakaninku."

"In na buga da wuri, iskar ga za ta shanye ni. In anka kamo ni, ko tsohuwa ta iya wuce ni."

"Wa zai kamo ka? Mutumin da za shi zama mijin yayarka gobe?"

Ya ci gaba da juya feda da hannu, sarƙar na wani ɗan kuka.

"Kin yarda da shi?"

"Kamar yadda niy yarda da kai," na ce. Har da dafa ƙirji, wallahi, kamar wata mai shaida a gaban alƙali.

"Dakor, na yarda. Don ke."

Da safe na sa doguwar riga baƙa, na ɗora rigar ƙungiya mai ruwan lemo a kai, na yafa farin gyale, har da ɗan kwalli, don na san dangin Alƙasum za su zo kallo. Baffa Idrisa, ƙanen marigayi babanmu Yunusu kuma waliyyina, ya iso daga Barmu da sassafe, ya ce sai ya ga wannan gudun keken da ya hana yara zama. Aka ba shi kujerar roba a ƙarƙashin rumfa, kusa da kawunnan Alƙasum, da babbar rigarsa da rawaninsa da ƙullin cukun da ya kawo mana tsaraba har ya manta bai ajiye a gida ba.

Aka busa usur. Zagayen farko-farko gungun a dunƙule yake, sai ƙarar taya da ihun "dama! dama!" a kowace kwana. Wani ɗan Damagaram ya shiga kwana ta uku da feda a ƙasa, ta daki kwalta, ya zame ya kwashi mutum biyu. A cikin wannan ruɗanin ne mutum uku suka ɓalle: Alƙasum, Sadiƙu, da Ciɗo, wani gajere mai cinya kamar turmi. Suka shiga karɓa-karɓa tsaf, tazara na ƙaruwa, har gungun baya ya sallama.

Da na ɗaga allo mai lamba bakwai, alamar saura zagaye bakwai, Sadiƙu ya kalle ni. Kallo ɗaya. Suna fita daga kwanar farko ya miƙe tsaye a kan feda ya buga.

Jama'a, na so ku ga ƙanena a lokacin. Ya kwantar da ƙirji a kan kan keke, ya shiga iskar nan shi kaɗai. Ciɗo ya bi shi, Alƙasum ya lafe a bayan Ciɗo kamar yadda ya faɗa. Zagaye biyu Ciɗo yana ja yana kaɗa gwiwar hannu, yana waiwaye, Alƙasum ko gezau. A na uku Ciɗo ya miƙe zaune, ya zaro gorar ruwa ya sha, ya girgiza kai. Ya haƙura ke nan. Na ji hawayen daɗi na taruwa a idona. Baffa ya tashi tsaye, rawani na neman warwarewa, yana ihu, "Ɗan Yunusu na! Ɗanmu na!"

Saura zagaye uku, suka zo wucewa ta gabana, sai na ga Alƙasum ya sauya giya. Na ce a raina ƙila ƙafa yake warwarewa. Ya fito daga bayan Ciɗo ya shiga gaba, ya sunkuya, ya fara ja. Ja na gaske, irin wanda jijiyar wuya ke tashi. Ciɗo da ya riga ya yanke ƙauna ya ga banza ta faɗi, ya yi wuf ya manne a tayarsa.

"Alƙasum!" na ƙwala. "Ɗan gida na! Alƙasum!"

Ya ji ni. Na rantse ya ji ni, don tsakaninmu bai fi tsawon tabarma ba. Bai ko karkato da kai ba.

Ƴan kallo suna ta tafi, su a ganinsu tsere ya yi daɗi. Ƴan ƙungiyarmu da suka fita daga gasar kuwa suna tsaye a bayana sun yi tsit. Tazarar na narkewa, kafaɗun Sadiƙu sun fara rawa hagu da dama, na san man ya ƙare. Da suka shigo zagayen ƙarshe ni ce dai mai ƙararrawa. Na ɗaga hannu na kaɗa ta, ina kallon ƙanena ya waiwaya ya ga wanda ke jagorantar farautarsa.

A kwanar ƙarshe suka kama shi. Alƙasum ya bi ta ciki ya wuce, ya taka layi hannu biyu a sama, fuska na kallon rumfar manya. Ciɗo na biyu. Sadiƙu ya gangaro na uku, kai a ƙasa, feda ma ba ya juyawa.

Abin da ya biyo baya ne ya fi ƙona min rai. Sadiƙu na zaune a bakin kwalta yana haki, leɓɓansa sun yi fari, sai ga Alƙasum ya zo da kofin gasar a hannu, manya na biye da shi. Ya cire wa Sadiƙu hular kwano ya shafa kansa yana dariya.

"Ƙanin mata! Sai ka ƙara cin tuwo. Ka ga yadda manya ka yi?"

Rumfa duka ta kwashe da dariya. Baffa har da buga sanda a ƙasa.

"Kai, yaron ga ya iya wasa! Ya bari har ƙanin matatai ya ga layi, kana yah hwaɗa mai waye babba. Ai haka munka gada. Mijin ya da ƙanin mata, ko rigakka ya ƙwace ba ka da ta cewa."

Kun dai san al'adarmu. Tsakanin mutum da ƙanin matarsa wasa ne, a zolayi juna, a yi ƙwace, a yi ba'a, wanda ya yi fushi shi ne marar tarbiyya. Sadiƙu ya kalli Baffa, ya kalli baƙi, ya buɗe baki ya yi dariya shi ma. Ban taɓa ganin dariya mai ciwo irin wannan ba. Can gefe kuma mai horarwan Yamai na karɓar lambar wayar Alƙasum.

Ciɗo ne kaɗai ya zo inda nake yana neman ruwa. Ya sha, ya goge baki, ya ce a hankali, "Malama, ni na ci riba, na biyu ya fi na uku. Amma a ƙungiyarmu wanda ya yi wannan, ba mai sake cin kwano ɗaya da shi."

Muka dawo gida na tarar an share tsakar gida an yayyafa ruwa, an shimfiɗa sababbin tabarmi a zaure, ƙamshin turaren wuta har ƙofar gida. An ajiye min ɗinkin shadda ruwan zuma a kan gado, da ɗankunnen da Inna ta yi aure da shi. Na zauna a gefen gadon da rigar ƙungiya a jikina, ko takalmi ban cire ba.

Inna ta ɗaga labule. "Mi as same ki? Tun da kunka dawo huska kamar an aiko miki da mutuwa."

"Inna, Alƙasum ya ci amanar Sadiƙu."

"Wace amana? Baffanku yac ce shi yaz zo na hwarko, ƙanenki na uku. Dut gida guda. Ina abin kuka?"

"Ya yi mai alkawali, Inna. Ta bakina."

"Alkawalin keke?" Ta riƙe haɓa. "Zuhura, ki ji tsoron Allah. Mutane sun sayi goro, Baffanki ya bar gonatai ya taho tun daga Barmu, ni na gayyaci mata, ke kuma ki zauna kina min zancen taya da sarƙa? Tun da ubanku yar rasu nika jiran ranar ga. Kar ki sa a yi da ni cikin unguwa. Tashi ki yi wanka."

Na tashi, amma ɗakin Sadiƙu na nufa. Yana kwance rigingine da kayan tsere a jikinsa, keken yashe a ƙasa, abin da bai taɓa yi ba.

"Sadiƙu, ka yahe min."

"Ba ke kika ja ba, Yaya."

"Ni nis sa ka buga."

Ya juya fuska bango. "Ki aure shi. Shina sonki, kowa ya sani. Kar ki ɓata aurenki don keke. Baɗi ma akwai wata gasa."

Mu duka mun san mai horarwan ba kowace shekara yake zuwa ba. Na tsaya ina kallon bayansa, sai na ga kafaɗar na motsi a hankali. Na ja masa ƙofa na fita.

Duk da haka, kun san zuciyar mace in ta so. Na zauna ina nema wa Alƙasum uzuri da kaina. Na ce ƙila zafin tsere ne, ƙila ya ga Baffa da kawunnansa sun miƙe sai kansa ya ɗau zafi, ɗan Adam ne. In ya ce min ya yi kuskure, in ya kira mai horarwan ya ce a ɗauki Sadiƙu, wallahi zan sa shaddar nan in yi murmushi. Na ɗauki waya.

Na rubuta: "Me ya sa?"

Nan take ya amsa: "Amarya ta fara fushi tun ba a sa rana ba? Wasa na da ƙanina."

"Ni ba Baffa ba ce. Na san abin da nig gani. Ka kori ɗan gida, ka jawo baƙo."

Ya fara rubutu, ya goge, ya sake farawa. Daga waje ina jin motoci na tsayawa, ana sallama a zaure.

"Zuhura, ki gane. Gasata ta ƙarshe ta a garinmu, gaban danginki da nawa, ranar sa ranata. In bari yaro shi wuce ni a layi? Ina zan sa huskata?"

"To don mi ba ka bari kun gwada a layin ba? Wanda yac ci, ya ci."

"Don shina iya ci na. Ƙahwatai ta hi tawa bana. Dole shi ƙone kahin layi. Dabara ke nan, ke ma kin san tsere."

Na karanta sau biyu. Ashe ba zafin kai ba ne, tun jiya da magariba an gama tseren nan, ina cikin yankan albasa. Na rubuta tambaya ta ƙarshe, duk da na fara jin amsar a cikina.

"Kuna da lambar juna. Don mi kab biyo ta kaina?"

Saƙon ya shigo har da ɗan hoton fuska mai dariya a ƙarshensa.

"Da ni nih hwaɗa mai, da bai yarda ba. Ke kaɗai shika yarda da ita. Sa shaddar ki turo min hoto, amaryata."

Da ɗan gari akan ci gari, in ji masu magana. Ni ce ɗan garin. Son da ƙanena ke min, da son da nake wa Alƙasum, duk ya auna su ya sa a cikin lissafinsa kamar yadda yake auna iska da kwana. Kuma ko kunya bai ji ba, shi a wurinsa gwaninta ya yi, har yana jiran in yaba. Ban yi kuka ba, jama'a.

Na yi wanka na sa shaddar. Na sa ɗankunnen Inna, na ɗaura kallabi, na yafa mayafi. Inna ta leƙo ta gan ni, ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Yawwa ɗiyar albarka."

Ba a jima ba aka ce Baffa na kira a ɗakin Inna. Na shiga na durƙusa a bakin tabarma. Yana zaune ya miƙe ƙafa, carbi a hannu, gwaggonnina biyu a gefe suna danne murmushi, ɗaya har ta kai hannu hanci tana shirin guɗa. Ta cikin taga ana jiyo muryoyin baƙi a zaure da ƙarar ƙananan kofunan shayi.

Baffa ya gyara murya. "Zuhura, mutanen Alƙasum na zaure da goronsu. Sun nemi a sa rana bayan girbi. Addini ya ce sai an tambaye ki, shi ya sa nik kira ki. Ba sai kin yi magana ba, mun san kunya. In kin yi shiru, mun ji amsa."

Ɗakin ya yi tsit. Abin da ake so da ni ke nan, in sunkuyar da kai in ja mayafi in rufe fuska, a ƙirga numfashi kaɗan, a rangaɗa guɗa. Na ga Inna ta ƙura min ido, leɓɓanta na motsi da addu'a. Na ji Baffa ya ja numfashi zai ce alhamdulillahi.

Na ɗago kai, na janye mayafin daga fuskata.

"Baffa," na ce, "ban yi shiru ba."